Wa ke sauraron ɗanka?

'Yan'uwana magidanta, musamman mu masu yara kanana da 'yan samari a gida, ku ba ni aron kunnuwanku.

Mai jan yara cikin ƙungiyar 'yan bindiga ba da zancen bindiga yake farawa ba. Sunan yaron yake fara riƙewa. Ya tambaye shi me ya ɓata masa rai yau, ya zauna ya saurare shi har ya kai aya. Gobe ya aike shi, in ya dawo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai namiji ne." To yaron da ya shekara goma sha biyar bai taɓa jin haka daga bakin mahaifinsa ba, sai tsawa da "tashi ka ba ni wuri", me kuke zato? Ya samu uba. Ranar da aka miƙa masa makami, sau da yawa ba aƙida ce a ransa ba, gudun kunyata wannan mutumin yake yi.

Ba hasashena ba ne. A 2017 hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan masu tsattsauran ra'ayi a Afirka, bayan tattaunawa da mutum 718, cikinsu 495 da ƙafarsu suka kai kansu cikin irin waɗannan ƙungiyoyin. Waɗanda suka shiga sun fi cewa ba su ji daɗin ƙuruciya ba, iyayensu kuma ba su cika sa ido a rayuwarsu ba. Tun 1944 ma likitan nan na Ingila, John Bowlby, ya duba yara 44 masu sata, ya ga 14 ba sa jin shaƙuwa da kowa, 12 daga cikin 14 ɗin an daɗe da raba su da uwayensu tun suna ƙanana.

Kar a ce na jibga wa iyaye laifin duka. A rahoton nan na UNDP, kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka shiga sun ce matakin hukuma, kamar kisa ko kama ɗan'uwa ko aboki, shi ya tunzura su daga ƙarshe. Talauci ma na nan. Amma waɗannan sun fi ƙarfinka a daren yau, ɗanka kuwa yana tsakar gidanka.

In ya shigo, ajiye wayar nan. Kira shi da sunansa, ka tambaye shi su wa yake yawo da su, ba cikin faɗa ba. Da farko zai sunkuyar da kai ya yi shiru, yana zaton wani laifin ya yi. Kar ka tashi.