Kana Leƙen Gonar Wani, Ciyawa Na Cin Taka

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku amsa mini wannan tsakani da Allah. Daren jiya da aka kwanta da waya a hannu, minti nawa aka kashe ana kallon rayuwar wasu?

Na san yadda abin yake, don ya sha faruwa da ni. Ka buɗe littafi da niyyar karanta shafi biyar, sai waya ta yi ƙara. Kana dubawa, ga wanda kuka zauna benci ɗaya a aji ya sa hoto riƙe da makullin mota. Ka rubuta masa "Allah ya sanya alheri", amma wani abu ya tokare maka ƙirji. Littafin yana nan buɗe a shafin farko har barci ya kwashe ka. Motarsa ba ta rage ka da komai ba. Shafi biyar ɗin nan kuwa, kai ka yi asararsu.

Auna kai da wasu hali ne na ɗan Adam. Tun a 1954 Leon Festinger, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya bayyana cewa idan mutum ya rasa tsayayyen ma'aunin da zai gane matsayinsa, sai ya koma auna kansa da na kusa da shi. To, ina ake kai idon? A 1995 wasu masana sun fitar da nazarin da suka yi wa fuskokin 'yan wasan Olamfik na Basalona na 1992. Suka tarar waɗanda suka zo na uku sun fi na biyu fara'a. Na biyu yana ta cizon yatsa kan zinariyar da ta kuɓuce masa, na uku kuwa yana tuna saura ƙiris ya koma gida hannu rabbana. Azurfa ta fi tagulla daraja, amma mai azurfar ne fuska a murtuke.

Manzon Allah (SAW) ya riga ya nuna mana maganin, a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira: mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi wanda yake sama, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Wannan a abin duniya ke nan. A ilimi da aikin alheri, dubi na gabanka, ka tambaye shi yadda ya yi, ka ɗaura ɗamara.

Abin da ake nuna maka a waya ma tacacce ne. Babu mai ɗaukar hoton bashin da ke wuyansa, ko daren da ya kwana yana juyi. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna binciken kamfanin da kansa ya gano Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin surar jikinsu. 'Yar'uwa, hoton da ke sa ki tsani madubi, mai shi ma sai da ta gyara shi.

Kowa ya daka ta wani zai rasa turmin daka tasa. Ni abin da ya taimake ni ƙaramin littafin rubutu ne. Kowane dare ina sa kwanan wata, in rubuta abu ɗaya da na yi wa kaina: shafi uku, darasi ɗaya, kuskuren da na gyara a wurin aiki. Wasu ranakun fili nake bari, kuma ganin filin yana min ciwo fiye da motar kowa. Bayan wata shida na koma shafin farko, na ga abin da ya gagare ni a lokacin yanzu ina yin sa ido rufe.

Yau da daddare ka kife wayar nesa da shimfiɗa, ka koma kan shafin nan da ka bari a buɗe.