Hula Ba Cikon Kaya Ba Ce

Akwai wani abu da ya daɗe yana damuna game da yadda muke sa kaya, yau dai bari in amayar da shi.

Mutum zai ɓata sati guda yana neman rigar da ta kwanta masa. Zai koma wajen tela sau biyu sau uku don a rage hannu ko a saki kafaɗa. In takalmi ne, sai ya sa ƙafa biyun duka, ya taka, ya je ya dawo a cikin shago, ya danna yatsa ya ji ko akwai sarari. Amma da an zo kan hula, sai ya miƙa hannu ya ɗauki wadda launinta ya fara jan idonsa, ya ɗora a ka, ya leƙa madubi na daƙiƙa biyu, ya biya ya wuce. Alhali duk cikin kayan da ke jikinka babu wanda ya kai hula kusanci da fuska. Wanda zai gaishe ka ba takalminka yake fara kallo ba. Idonka yake nema, hular kuwa tana nan zaune saman idon.

Ni ma na yi wannan kuskuren, kuma kuɗina ya tafi a kai. Shekarun baya na ga hoton wani mutum sanye da malafar Fanama, fara sol da baƙin zare a gindinta, ta yi masa kyau ƙwarai. Ban tsaya tunani ba na yi odar irinta ta intanet. Wajen awo suka rubuta ƙarami, matsakaici, babba, na ce ai ni matsakaici ne. Da ta iso, sai ta sauka har ta danne mini kunnuwa, kuma duk da haka tana matse mini goshi. Na rasa gane yadda hula ɗaya za ta yi yawa kuma ta yi kaɗan a lokaci guda. Na sa ta sau biyu, hannuna bai bar kanta ba, na mayar da ita kwali.

Wani dattijo mai sana'ar huluna ne ya warware mini. Na kai masa ita ina ƙorafi, bai ko kalle ta ba. Ya ciro tef irin na tela, ya zagaya kaina da shi, ya bi ta tsakiyar goshi, ya ɗaga kamar faɗin yatsa ɗaya sama da kunne, ya sauko ta inda ƙeya ta fi tudu. Ya ce santimita 58. Sannan ya dafa kaina da tafin hannu biyu, gaba da baya, gefe da gefe, ya ce, "Ɗana, kanka dogo ne, hular nan kuwa don mai zagayayyen kai aka yi ta. Shi ya sa take cizonka a goshi tana yi maka rawa a gefe."

Na ce, "Baba, ashe kai ma yana da fasali?"

Ya ce, "Ƙafa ma tana da shi, balle kai."

Tun daga ranar na daina sayen hula da ido kaɗai.

Awon nan ba wani abu ne mai wuya ba. Yawancin manya kansu yana faɗawa tsakanin santimita 55 zuwa 60. Ka auna sau ɗaya, ka rubuta a wayarka. Ka riƙe lambar santimita ɗin, domin ita ce ba ta canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Sauran lambobin akwai tarko a ciki: kai mai santimita 58 a lissafin Amurka 7¼ ne, a lissafin Ingila kuwa 7⅛. Wanda bai san wannan ba zai sayi hula daidai da lambarsa, ta zo ta ƙi shiga. In awonka ya faɗa tsakanin lamba biyu, ɗauki babbar. Fatar da ake zagaya cikin hula da ita tana ɗan tsukewa idan ta sha zufa ta bushe, kuma hular da ta ɗan yi yawa ana iya cusa siririn soso ko ƙyalle a bayan fatar ta zauna daram. Wadda ta yi kaɗan kuwa ciwon kai kawai za ta ba ka. Alamarta a bayyane take: ka cire ta bayan awa ɗaya ka ga jan layi kwance a goshinka. Masu tara suma da mata masu kitso su tuna cewa gashi ma yana cin wuri, don haka a gwada hula da irin gashin da za a riƙa sa ta da shi.

Bayan awo, sai maganar da ta fi ɗaukar hankalina, wato yadda hula take zama da fuska da kuma jiki gaba ɗaya. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane. Mutumin da na gani a hoton nan dogo ne mai faɗin kafaɗa. Malafar da ta yi masa ɗas, a kan wani siriri gajere sai ta zama rumfa, ka ga hula tana tafe ka rasa mai ita. Bakin malafa idan ya wuce faɗin kafaɗa ya fara cinye mutum. Mai zagayayyar fuska da cikar kumatu, hula mai ɗan tsayi da kusurwa ta fi karɓarsa, domin tana jan ido zuwa sama. Mai doguwar fuska in ya ƙara doguwar hula a kai, ya ƙara wa tsawo tsawo, gara masa mai gajeren sama da ɗan faɗin baki. Mai faɗin muƙamuƙi ya nemi wadda gefenta ke da laushi da lanƙwasa. Mai tabarau ya gwada hula da tabaransa a fuska, ya duba ko bakinta yana taɓa su.

Ban ɗauki waɗannan a matsayin doka ba. Na ga mutanen da suka saɓa musu kuma suka fito fes. Amma sun san abin da suke saɓawa, ba faɗawa suka yi a makance ba.

Abu ɗaya da zan nace a kai shi ne madubi. Ƙaramin madubin da ke nuna fuska kaɗai yana yaudara. Ka ja baya ka ga kanka tun daga hula har takalmi. Sannan ka ba wani wayarka ya ɗauke ka ta gefe da ta baya. Kai ta gaba kawai kake ganin kanka, jama'a kuwa ta ko'ina suke ganinka, kuma yawancin hulunan da ba su dace ba ta gefe suke tona asiri.

Wani abin da ya gyara mini zaɓe shi ne sanin cewa kusan kowace fitacciyar hula aiki aka yi ta domin shi kafin ta zama ado. Zagayayyar hular nan mai tauri ta Ingila, 'yan uwa biyu Thomas da William Bowler ne suka ƙera ta a Landan a 1849 don shagon Lock & Co., kuma an yi ta ne saboda masu gadin daji da ke sukuwa a kan doki, kada rassan itatuwa su fasa musu kai. Daga baya ta koma kan ma'aikatan banki, yau kuma matan Aymara na ƙasar Bolibiya suna kafa ta a tsakiyar ka, ƙarama da gangan, ta zama tasu. John Stetson ya fito da faffaɗar malafarsa a 1865 don masu yini cikin rana da ruwan sama a yammacin Amurka. Malafar Fanama kuwa ba a Fanama ake yin ta ba. A Ekwado ake saƙa ta da hannu, a garuruwa irin su Montecristi da Cuenca, da zaren ganyen wani tsiro mai kama da kaba da suke kira tokiya. Sunan Fanama ya bi ta ne saboda ta can ake fitar da ita zuwa duniya, ya kuma ƙara kama ta bayan an ɗauki hoton shugaban Amurka Theodore Roosevelt da ita a wajen haƙa mashigin ruwan Fanama a 1906. A 2012 hukumar UNESCO ta sa wannan saƙa cikin al'adun da duniya ta gada. Mai kyau sosai daga cikinsu takan ɗauki masaƙi watanni.

Me ya sa na kawo wannan? Saboda in ka san aikin da aka yi hula dominsa, ba za ka sa ta inda za ta zama baƙuwa ba. Malafar saƙi ta zafi ce, tana son kaya marasa nauyi na auduga ko lilin. Hular da aka yi da gashin zomo ko ulu ta sanyi ce, tana son kaya masu jiki. Ka haɗa hular ulu mai kauri da 'yar shara-sharar riga a tsakar rana, ko wanda bai san komai a harkar kaya ba zai ji wani abu bai zauna ba, ko da ya kasa faɗin mene ne.

Hana-sallah ma haka. Ina son ta, ina da guda biyu. Amma don filin wasa aka yi ta, ta tare wa ɗan wasa rana a ido, kuma har yanzu ta fi jin daɗin zama da kayan shan iska. Abin da ba ta yi shi ne kare kunne da wuya da gefen fuska. Wanda aikinsa na cikin rana ne ya sani cewa a Ostareliya, inda cutar dajin fata ta yi yawa, shawarar da ake ba manya ita ce malafa mai baki aƙalla santimita 7.5. Wannan ya wuce maganar gayu.

Launi ba zan daɗe a kansa ba, domin an fi yawan surutu a kansa alhali shi ne mafi sauƙi. Ba dole hula ta zama launi ɗaya sak da riga ba, sau da yawa ma hakan yana kashe kwalliyar. Ya isa ta ɗauko launi ɗaya daga jikinka, na takalmi, ko na bel, ko wani zare a rigar. In kayan suna da hayaniya, hula ta yi shiru. In kayan sun yi shiru, a bar hula ta yi magana. Mai farawa ya fara da toka-toka, ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, ya kara ta kusa da fuskarsa a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba.

An ce araha ba ta ado, kuma akwai gaskiya a ciki. Ni dai zan ƙara da cewa tsada ma ba ta ado in awo bai yi ba. Huluna uku da suka san kanka sun fi goma sha biyar da ke jibge a saman sif suna shan ƙura.

Sai kuma sa ta, wanda shi ne inda mutane da yawa suke karaya. Ka lura da wanda bai saba da hula ba: minti biyu ya taɓa ta, ya gyara, ya ɗaga, ya duba gilashin mota. Wannan hannun shi ke sanar da kowa cewa hular baƙuwa ce. Maganinsa sabo. Sabuwar hula ka fara sa ta a gida, ka yi karatu da ita, ka fita 'yar gajeriyar tafiya, har ka kai inda za ka manta tana kanka. A nan ne za ka gano zamanta. Wani ta fi yi masa kyau a miƙe, wani sai ya ɗan karkata ta gefe ɗaya, wani ya sauko da ita kusa da gira. Karkatawar kaɗan ake so, kamar faɗin yatsa. In ka tura ta can ƙeya fuska takan buɗe, ka fito da sakin jiki. In ka jawo ta gaba sai ka fito da kamewa. Hula ɗaya ce, amma mutum biyu ake gani.

Kuma a san wurin da za a shiga. Akwai inda cire hula shi ne ladabi, akwai inda barinta a ka shi ne ladabi, akwai ma inda aka rubuta ƙa'ida. A sashen sarauta na gasar dawaki ta Royal Ascot a Ingila, abin da mace za ta ɗora a ka sai faɗin gindinsa ya kai santimita 10. A Turkiyya, a 1925, gwamnatin Mustafa Kemal Atatürk doka ta kafa sukutum ta raba maza da jar dara. Abin da gwamnati za ta zauna ta yi wa doka ba ƙaramin abu ba ne a idon mutane, don haka tambaya kafin a je taro ba gazawa ba ce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga hula mai kyau a hannun wanda bai iya riƙe ta ba. Yawancinmu ta saman gaba muke cafko malafa, mu matse da yatsu uku. A daidai nan malafar saƙi take fara tsagewa, ta gashi kuma ta yi baƙin maiƙo. A riƙe ta ta baki da hannu biyu. In za a ajiye, a kifa ta a kan samanta bakin yana kallon sama, don kada bakin ya baje ya rasa lanƙwasarsa. Kada a bar ta cikin mota a rana, zafin yana tsuke fatar ciki. In ruwa ya dake ta, a bar ta ta bushe da kanta a inuwa, nesa da wuta. Buroshi mai laushi yana cire ƙura, ɗan tururin ruwan zafi kuma yana tayar da inda ya lotse.

Dattijon nan dai bai bar ni na tafi da tsohuwar malafata haka ba. Ya nemo mini wata mai dogon fasali, santimita 58, bakinta bai kai na farkon faɗi ba. Ita nake sawa har yau. Duk ranar da na dawo da ita daga rana, nakan juyo fatar cikinta waje ta sha iska kafin in kifa ta, kamar yadda ya nuna mini. Fatar ta yi duhu yanzu, ta kuma lanƙwashe daidai da goshina, har wani abokina da ya ara ya gwada ya ce shi kam ba ta zauna masa ba.