Rufi Mai Siririn Kauri Ba Ya Tare Elektiron Gaba Ɗaya

A cikin ɗalibanmu Hausawa masu karatun kimiyya a Jidda, da yawa suna ɗauka cewa idan aka shimfiɗa sinadarin da ba ya ɗaukar lantarki a kan ƙarfe, to elektiron, wato ƙwayar da ke ɗaukar lantarki, ya tsaya ke nan, kamar yadda robar waya ke tare wuta. Wannan gaskiya ne idan rufin yana da kauri.

Amma idan layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin sinadari, kaurin nanomita 1 zuwa 2 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), lamarin ya sauya. A wannan ƙanƙantar, elektiron yana da halin igiyar ruwa, yana iya ratsa rufin ya ɓulla ɗaya gefen ko da ƙarfinsa bai kai na tsallakewa ba. Masana kimiyya Nuzzo da Allara sun nuna a 1983 cewa sinadarai masu ɗauke da farar wuta suna jera kansu a layi ɗaya irin wannan a kan zinare. Gwaje-gwaje a kan irin waɗannan layuka, waɗanda ƙwayoyinsu sarƙoƙi ne na kabon, sun nuna cewa duk ƙwayar kabon da aka ƙara wa tsawon sarƙar, lantarkin da ke wucewa yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku. Wannan raguwar, a ganina, ita ya kamata ɗalibi ya fara riƙewa.

Rufin kuma yana sauya yawan kuzarin da ake buƙata kafin a fizgo elektiron daga ƙarfen.