Abin da Samanja ya bari a bayansa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A watan Nuwamba na shekarar 2023 Allah Ya karɓi ran Alhaji Usman Baba Pategi, wanda duk ƙasar Hausa ta fi sani da Samanja Mazan Fama. An haife shi a 1942 a Pategi ta jihar Kwara, ɗan gidan sarauta ne kuma Banufe, ya yi aikin soja, sannan ya mayar da rayuwar bariki wasan kwaikwayo a rediyo da talabijin na Kaduna. Da gurɓatacciyar Hausarsa ta sojoji da tsawar da yake daka wa kurata ya sa iyayenmu dariya shekaru masu yawa, kuma cikin dariyar yana koyar da ladabi da kiyaye doka.

Yau yana kabari, amma muryarsa ba ta yi shiru ba. A teburin mai shayi a Tudun Wadar Gusau za ka ga matasan da ba a haifa ba lokacin da aka ɗauki wasan sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyata dariya. Haka Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu tun Disambar 2014. Wannan ne ya kamata ya tsorata mu, domin Allah Maɗaukaki Ya faɗa a Suratu Yasin, aya ta 12, cewa Yana rubuta abin da mutane suka gabatar da kuma gurabun da suka bari. Manzon Allah (SAW) ya bayyana a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya assasa kyakkyawan abu yana da ladansa da ladan masu aiki da shi bayansa, wanda kuma ya assasa mummuna yana ɗauke da zunubinsa da na masu binsa.

A zamanin Samanja galibi sai mutum ya shiga gidan rediyo ko talabijin kafin a naɗi muryarsa. Yanzu kowa na da kyamara a aljihu, kuma abin da muke yi da ita a Zamfara yana ƙona mini rai. Idan 'yan bindiga suka kai hari ƙauye, kafin a yi wa mamata sutura hotunan gawarwakinsu sun zagaye WhatsApp, wata uwar ma a waya take fara ganin ɗanta kwance cikin jini. Wani ya ɗauki matar aure a gidan biki ba da saninta ba, wani ya yanko maganar malami don a yi masa ba'a, alhali mai turawa zai mutu ya bar bidiyon yana yawo, ba shi da ikon goge shi daga wayar kowa.

Ɗan'uwa, buɗe shafinka a daren nan ka goge abin da ba ka so a kalla bayan an binne ka, kuma ka nemi yafiyar wanda ka tona wa asiri tun kuna raye. Allah Ya jiƙan Samanja da Ibro, Ya yafe musu kurakuransu.