Wanda Ya Ci Ladan Kuturu, Dole Ya Yi Masa Aski

Maganar da wani sojan baka ya yi a rediyo daren jiya, cewa Kanawa su dubi Nasiru Yusuf Gawuna, ɗan takarar gwamnan Kano na APC a zaɓen 2023, a matsayinsa na mutum, su daina haɗa shi da gwamnatin Ganduje da ke shirin barin gado, ita ce magana mafi raina hankali da na ji tun da aka buɗe yaƙin neman zaɓen nan. Ba shi kaɗai yake faɗarta ba, domin tun bayan da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa da majalisar tarayya na 25 ga Fabrairu 2023 ya fito, Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279 a Kano, ɗan takarar APC kuma ya tsaya a 517,341, kujeru biyu daga cikin uku na majalisar dattawa suka tafi NNPP, sai salon tallan ya sauya gaba ɗaya. Da can ana ce mana a zaɓi Gawuna domin a ɗora a kan ayyukan Ganduje, yanzu kuma, da aka ga inda iska ta kaɗa, ana so mu yarda cewa shi daban, gwamnati daban. Wannan lissafin ba zai shiga kaina ba, kuma ina roƙon duk mai katin zaɓe a jihar nan kada ya bari ya shiga nasa.

Gawuna kwamishinan noma ne a majalisar zartarwa tun kafin ya zama mataimakin gwamna, sannan ya hau kujerar mataimaki a 2018, ya ci gaba da zama a kanta har 2023. Abokin takararsa, Murtala Sule Garo, shi ne ya riƙe ma'aikatar ƙananan hukumomi, wadda lamuran ƙananan hukumomi 44 suke bi ta cikinta. Mutanen da suka zauna a teburin da ake yanke hukunci na tsawon waɗannan shekaru, suka karɓi albashi da motoci da jiniya da girmamawar da ke tare da muƙamin, ba su da hurumin zuwa gabanmu yau su ce baƙi ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ana ce mana mataimaki ba shi da ta cewa, aikinsa biyayya ne. To, ai Kano ta ga mataimakin da ya nuna akwai ƙofar fita. Farfesa Hafiz Abubakar ya ajiye wannan kujera da kansa a watan Agustan 2018, a lokacin da ya ga tafiyarsa da gwamna ba za ta yiwu ba, kuma kujerar da ya bari ita ce Gawuna ya karɓa. Bayan ɗan lokaci kaɗan, a watan Oktoba na shekarar, Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki bidiyon da duniya ta gani, wanda ake zargin ya nuna gwamna yana karɓar daloli. Gwamna ya musanta, majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike, kotu ta dakatar da kwamitin, maganar ta tsaya nan ba tare da an wanke kowa ko an hukunta kowa ba. Sunan Kano ya zama abin ba'a a bakin mutanen wasu jihohi, muka riƙa sunkuyar da kai a motocin haya da wuraren aiki. A duk tsawon wannan lokaci ban ji mataimakin gwamna ya ce ko da a bar bincike ya yi aikinsa ba.

Haka nan maganar masarauta. A 2019 aka yanka masarautar Kano aka fitar da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, a ranar 9 ga Maris 2020 kuma majalisar zartarwa ta tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II, sanarwar gwamnati da kanta ta ce baki ɗaya majalisar ta amince. Aka kai shi Loko, daga nan aka mayar da shi Awe a jihar Nasarawa, daga baya babbar kotun tarayya ta ce wannan korar ta saɓa wa doka. Mutum na biyu a wannan majalisa shi ne wanda ake tallata mana yau. Ko mutum yana ƙaunar Sarki Sanusi ko ba ya yi, tambayar ita ce, shin wanda ya yi shiru a ranar da aka yi wannan zai iya cewa ba da shi aka yi ba?

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne yadda ake so mu manta da zaɓen 2019. A zagayen farko Abba Kabir Yusuf, wanda NNPP ta tsayar takarar gwamna a 2023, yana gaba da tazarar ƙuri'a 26,655. A daren da ake tattara sakamakon ƙaramar hukumar Nassarawa aka yi hatsaniya a zauren, 'yan sanda a ƙarƙashin kwamishina Muhammad Wakili suka kama Gawuna da Garo bisa zargin tayar da ita, daga baya aka sake su. Aka soke sakamakon mazaɓar Gama, aka ce zaɓe bai kammala ba, aka dawo ranar 23 ga Maris, kuma duk wanda yake Kano a wannan rana ya san irin fuskokin da suka cika rumfunan zaɓe a Gama, ya san dattawan da suka fito da katinsu suka koma gida da shi ba su dangwala ba. A ƙarshe aka bayyana Ganduje da ƙuri'a 1,033,695, Abba da 1,024,713, Kotun Ƙoli ta tabbatar, muka karɓi hukunci domin muna mutunta doka. Amma karɓar hukunci daban, mantuwa daban. Sunaye biyun da suka fito a labarin wancan dare su ne sunaye biyun da ke kan fastar APC a zaɓen 2023, sannan a ce mana wai sabon shafi ne aka buɗe.

Na san za a lissafa mini gadar Dangi da ta Hotoro da asibitin Giginyu da asibitin yara na titin gidan zu. An yi su, muna bi ta kansu, ba na musun abin da ido ya gani. Sai dai idan Gawuna zai hau mumbari ya ce mun yi gada, to ya ƙara da cewa mun yanka filin Idi na Ƙofar Mata mun kewaye shi da shaguna, mun ba da otal ɗin Daula, mun bar titunan kilomita biyar-biyar na ƙananan hukumomi suna zaizayewa, mun bar 'yan fansho suna jeka-ka-dawo a kan haƙƙinsu na sallama, mun bar ɗaliban da jiha ta tura ƙasashen waje da bashin makaranta har aka riƙe wa wasu takardun shaida. Ya ƙara da cewa a birnin da ke da matatar ruwa a Tamburawa da Challawa, magidanci yana tashi da asuba yana jiran mai kurar ruwa, yana cinikin jarka kafin ya san abin da yara za su karya da shi. Ba a zaɓar mai daɗi a ce namu ne, a bar mai ɗaci a ce na maigida ne.

Akwai masu wayon da suke cewa ai Ganduje ma mataimakin Kwankwaso ne har sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma 2011 zuwa 2015, amma da ya hau sai ya kama hanyarsa, saboda haka Gawuna ma zai iya sauyawa. Ku duba abin da wannan hujja take nema daga gare mu: mu zaɓi mutum da fatan zai juya wa wanda ya tsayar da shi baya. Jihar da ke da miliyoyin yara masu buƙatar aji da malami ba za a jingina makomarta a kan irin wannan fata ba. Shi kansa ɗan takarar bai taɓa fitowa ya faɗi abu guda da zai warware daga cikin abubuwan da aka yi ba, magoya baya ne kawai suke raɗa mana a kunne cewa zai gyara.

Batun cewa Abba yaron Kwankwaso ne kuwa, ban ga abin tsayawa a kai ba. Bai taɓa ɓoyewa ba, jar hularsa tana kansa, shi ne kwamishinan ayyuka daga 2011 zuwa 2015, kuma ya yarda a auna shi da abin da waccan gwamnati ta yi, daga gadar Ƙofar Nassarawa zuwa jami'ar Northwest da aka kafa a 2012. Ɗaya yana riƙe da tarihinsa a hannu yana cewa ku duba, ɗaya kuma masu tallansa suna roƙon mu kau da kai daga nasa.

Tunda INEC ta ɗage zaɓen daga 11 zuwa 18 ga Maris 2023 domin sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, an ƙara wa masu rabon taliya da sabulu da atamfa mako guda, a daidai lokacin da ƙarancin takardun kuɗi ya sa ɗari biyar ta zama abin nema a gidaje da yawa. Ba na zargin uwar da ta miƙa hannu ta karɓa, yunwa ce ta sa ta. Abin da nake roƙo shi ne a fito da wuri ranar Asabar, a bi layi cikin natsuwa, kada a biye wa duk wanda ya zo da tsokana, domin hatsaniya ita ce hanyar soke akwati. Bayan an dangwala a tsaya a ƙirga a gaban kowa, wakilan jam'iyya su karɓi kwafin takardar sakamako mai sa hannu, a tabbatar an ɗauki hotonta da BVAS an tura, sannan a raka ta zuwa wurin tattarawa na mazaɓa da na ƙaramar hukuma, kada kowa ya tafi gida sai jami'in tattarawa ya karanta alƙaluma da bakinsa.