Tsohuwar da ba ta da kowa a Gombe, ina za ta kwana?

Mu 'yan Arewa da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila, in mun haɗu bakinmu ɗaya: Allah ya tsare mu da kai iyayenmu gidajen tsofaffi irin na nan. Ni ma haka nake faɗa, har zuciyata. Tun da aka buɗe wa masu wannan aiki biza a 2022 'yan Najeriya suka yi yawa a cikinsa. Mu ke yi wa iyayen Turawa wanka, mu ba su abinci a baki, mu juya su cikin dare kada kwanciya ta ci musu baya. Akwai wata tsohuwa da ke yin kwalliya duk Lahadi ta zauna bakin taga, ɗan nata kuwa sai Kirsimeti ake ganinsa. Ga tsada: wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa, har takan kai ga sayar da gidan da mutum ya tsufa a ciki.

Duk da haka tsohuwar nan tana da gado, da ɗaki mai ɗumi, da magani a kan lokaci, kuma hukumar CQC mai sa ido kan gidajen tsofaffi kan shigo ba sanarwa ta duba yadda muke riƙe ta. Ba ta taɓa miƙa hannu a titi ba.

Mu da muke alfahari da riƙon iyaye, a je bakin babban masallacin Gombe ranar Juma'a a ga dattawan da ke jere da kwanonin bara. Hukuncin kada a ce wa iyaye ko da "tir" yana kare mai 'ya'ya ne. To wadda Allah bai ba haihuwa ba fa? Miji ya rasu, ta raba tumunin takaba da kishiyoyi, 'ya'yan miji suka sayar da gida. Ga waɗanda rikicin Borno da Yobe ya koro, danginsu sun tarwatse. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai gigin tsufa: a nan Ingila sunan abin ciwo, likita ke duba shi, a gida kuwa in ta fita tana sambatu sai a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa.

Ko a gidan da ke da 'ya'ya, matar ɗa ce ke wankin kashi da fitsari, ba wanda ya koya mata yadda ake ɗaga mara lafiya, sai bayanta ya riƙe.

Ba na son a kwaso mana tsarin Ingila. Gida nake so mai ɗakuna kaɗan a cikin unguwa, a Bolari ko Pantami ko Jekadafari, na waɗanda mai unguwa da liman suka shaida ba su da kowa. Ƙofa a buɗe, maƙwabta su aiko da tuwon dare, yara su shigo gaisuwa, malamar asibiti ta riƙa leƙowa. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar tsofaffi tun 2018, amma Abuja da nisa. Zakka da wakafi sun isa su riƙe irin wannan gida, kamar yadda Sakkwato ta kafa musu hukuma ta musamman. Attajirin da zai gina masallaci kusa da wani masallacin ya ba da filin a yi wannan. Mu da muka koyi aikin a nan, in mun zo hutu za mu koya wa ma'aikatan kyauta.