Ba Tumaki Ke Ware Awaki Ba

'Yan'uwana matasa, samari da 'yan mata na ikkilisiyoyinmu a nan Katsina, salama a gare ku. Akwai wani hali da ya shigo cikinmu, kuma yana damuna ƙwarai: mun zama masu rarraba mutane. A bakin majami'a bayan sujada, a zaure, a WhatsApp, kowa na da sunayen waɗanda ya riga ya yanke wa hukunci. Wance ba ta da ruhaniya, wane ɗan duniya ne, 'yan ɗarika kaza kuwa sai dai addu'a. In ka yi magana sai a buɗe maka Matiyu sura 25, a ce ai Yesu da bakinsa ya ce akwai tumaki, akwai awaki.

Ya faɗa, babu shakka. Amma mu da yawancinmu muka tashi da igiyar akuya a hannu, bai kamata ma'anar wannan magana ta kuɓuce mana ba.

Ku tuna yadda kiwo yake. Da rani, an kwashe amfanin gona, sai a saki dabbobi su bi fili, tumaki da awaki garke guda. Tunkiya kanta a ƙasa, tana bin ta gabanta, in rana ta take sai su cusa kawunansu wuri ɗaya su tsaya cik. Akuya kuwa ta miƙe kan ƙafafun baya ta kamo reshen ƙaya, ta hau katanga, ta leƙa inda aka shanya hatsi. Yayyafi kaɗan ya sauko, ta ruga ƙarƙashin rumfa tana kuka. Da damina ita ake fara ɗaurewa a turke, don in ta faɗa gonar maƙwabci maganar sai ta kai gaban mai unguwa. Halinsu daban, amma wuni guda suke yi, rijiya ɗaya suke sha. A ƙasar da Yesu ya yi wa'azi ma haka ake haɗa su da rana, sai maraice makiyayi ya ware su, saboda awaki sun fi tumaki jin sanyin dare.

To, wa ke warewa? Makiyayi. Yaushe? In wuni ya ƙare. Matiyu 25:31-33 ya ce sai Ɗan Mutum ya zo cikin ɗaukakarsa, ya zauna a kursiyinsa, an tara dukan al'ummai a gabansa, sa'an nan zai sa tumaki a dama, awaki a hagu. Aikinsa ne, lokacin ma nasa ne. Kai da ni muna cikin garken, rana ba ta faɗi ba tukuna, kuma ba a ba wani cikinmu sandar ba.

Kada kuma mu ɗauka akuya la'ananniyar dabba ce. A Fitowa 12:5 an yarda a ɗauki dabbar Idin Ƙetarewa daga cikin tumaki ko daga cikin awaki. A gidajenmu ma, jar akuyar nan mai haihuwar tagwaye ita ce asusun iyayenmu mata. Da yawa cikinmu da kuɗinta aka biya mana makaranta, bayan an ja ta zuwa kasuwar Charanci ko Mai'aduwa. Yesu ya ɗauko abin da masu sauraronsa ke gani kowace yamma ne don su gane cewa ranar rabuwa tana tafe, kuma mai garke ba ya ruɗewa.

Abin da ya fi tsorata ni yana cikin Ezekiyel 34:17-22. A can Ubangiji ya ce zai yi shari'a har tsakanin tunkiya da tunkiya, tsakanin mai ƙiba da ramammiya. Laifin masu ƙibar shi ne sun ci ciyawa mai kyau sun tattake saura, sun sha ruwa garai-garai sun dama ragowar da ƙafafunsu, suna bangaje raunana da kafaɗa, suna tunkuyinsu da ƙaho. Duk wanda ya taɓa shayar da dabbobi a komi ya ga wannan da idonsa: babban rago ya kafa kai, ƙananan na zagaye, kafin su samu wuri ruwan ya zama taɓo. Ashe mutum na iya zama cikin tumaki da suna, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, yana ba da baiko, amma shi ne mai dama wa na ƙasa da shi ruwa.

Yanzu ku koma Matiyu 25 ku dubi abin da Sarki, watau Ɗan Mutum, ya lissafa. Yunwa, ƙishirwa, baƙunci, rashin sutura, ciwo, kurkuku. Waɗanda aka sa a hagu, ba a tuhume su da sata ko zina ko kisa a wannan nassi ba. Abin da suka ƙi yi aka lissafa musu. Kuma ɓangarorin biyu duk mamaki suka yi, duk suka tambayi Ubangiji yaushe ne suka gan shi cikin wannan hali. Ya amsa cewa abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, ko aka ƙi yi masa, shi aka yi wa. Na dama ba su riƙe lissafin alherinsu ba, domin jinƙai ya zame musu jiki. Na hagu kuwa da sun san Sarki ne, da sun yi rige-rigen yi masa hidima. Sun ga matalauci ne kawai, suka wuce.

Waɗannan mutane shida ba sai mun je nesa nemansu ba. Matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a yankin Batsari, Jibiya da Safana suna raɓe a kangaye da gidajen dangi cikin garin nan, da goyo a baya. Almajiri na yawo da hunturu ba riga mai kauri. A ɗakunan jinya akwai majinyacin da babu mai kawo masa ko kunu. A gidan yari akwai masu jiran shari'a da danginsu suka daina zuwa. Na san wasu za su ce ai "'yan'uwana" Yesu ya ce, watau masu bi kaɗai yake nufi. Akwai malaman da suka fassara haka. Amma Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa kowa alheri, tun ba 'yan'uwa masu bi ba, kuma Basamariyen nan bai tambayi wanda 'yan fashi suka yasar a hanya addininsa ba kafin ya ɗaure masa rauni. Yunwar jaririn da ke bayan 'yar gudun hijira ba ta san majami'a ko masallaci ba.

Wani kuma zai ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba. Haka ne, kuma a kan wannan muke tsaye. Sai dai a karanta Afisawa 2 har aya ta 10, inda aka ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Kwanon tuwo ba ya sayen Mulkin Sama. Yana nuna muryar wa kake bi ne.

Don haka roƙona ga shugabannin zumuntar matasa: a taronku na gaba, kafin a shiga maganar anko da kayan kiɗa, a tambaya wa ke kwance a unguwa, wace gwauruwa ce hatsinta ya ƙare, waɗanne baƙi suka sauka ba tabarma. A rubuta sunaye, a raba aiki biyu-biyu. Mai mudun gero ya kawo, mai tsohon bargo ya wanke ya kawo, wanda ba shi da komai ya ba da ƙafarsa ya je gaisuwa. In kun je, ku bar waya a aljihu, kada a ɗauki hoton kowa.